Kabewar da Kaka Ta Ɗauka

Largo, 14 ga Oktoba

Zuwa ga Hajiya Furera,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da iyali. Ki yi haƙuri da ƙarfin halin da na yi na rubuto miki, alhali gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Sau biyu ina zuwa ƙofarki, na kasa ƙwanƙwasawa. Ni ce Loveth, 'yar gidan Katung, gida na uku daga naku. Shekarata biyu da zuwa ƙasar Turawan nan daga Kafanchan.

Na ga saƙon da maigidanki ya sa a guruf ɗin unguwa, cewa an ɗauke muku kabewa ɗaya a bakin ƙofa. Kakata ce ta ɗauka. Mun riga mun cinye.

Don Allah ki saurare ni. Tun da Kaka ta zo a watan Agusta ba ta cin abin kirki. Kullum tana bakin taga, tana cewa a mayar da ita gida. A cocinmu na can, ranar godiyar girbi, manoma kan jera kabewa da doya a ƙofar coci, duk matar da mijinta ya rasu ta ɗauki ɗaya. Kaka shekararta goma sha ɗaya da rashin miji. Da ta ga kabewa a kowace ƙofa, sai ta ce, “Loveth, ashe mutanen ƙasar nan suna tsoron Allah haka?” Taku ta ɗauka domin kin taɓa gaishe ta da Hausa.

Ta yi miyar taushe da tuwon shinkafa, ta ci malmala biyu, har ta yi waƙar coci tana wanke tukunya. Baba da Mama sun zaci a kanti aka saya, ni kuma ban gyara musu ba.

Ina roƙon gafara a madadinta. Kuma in ba damuwa, ina da tambaya: me ya sa ake ajiye abinci a ƙofa ba a ci? 'Yan ajinmu sun ce ado ne. Har yanzu ban gane ba.

Ki huta lafiya.
Loveth Katung

15 ga Oktoba

'Yata Loveth,

Lafiya lau muke. Wasiƙarki ta sa na yi dariya har shayi ya sarƙe ni. Ai tun ranar na sani, akwai kyamara a ƙofar. Na ga tsohuwa tana ƙwanƙwasa kabewa ɗaya bayan ɗaya kamar a kasuwar Rimi, ta zaɓi mai kyau, ta ajiye, ta ɗaga hannu ta daɗe tana addu'a. Maigidana Misbahu ne ya yi gaggawar aika saƙo kafin ya duba. Na sa ya goge.

Tambayarki kuwa, wallahi ni ma ban sani ba. Maƙwabta suna sawa, mu ma muka sa. Shekara goma sha shida kenan. In Nuwamba ta yi nisa sai mu jefa a shara. Ko sau ɗaya ban taɓa kallonta na ga kabewar da mahaifiyata ke ferewa ba, sai da kakarki ta ƙwanƙwasa ta.

Ga shawarata: kada ki gaya mata komai. Na yafe, ta zama kyauta. Tsohuwa ta samu abin da ya sa ta ci tuwo, a bar ta.

Ina ta samo yakuwa a garin nan? Ki amsa mini wannan.

Taki,
Furera

17 ga Oktoba

Hajiya,

Ina gaisuwa, na kuma gode ƙwarai. Yakuwar busasshiya ce, a ƙasan akwatinta ta zo da ita.

Na so in bi shawararki, amma wani abu ya taso. Jiya Kaka ta ce ranar Lahadi za ta tashi a coci ta ba da shaida, ta gaya wa jama'a cewa Allah ya kawo ta ƙasar da kowane gida ke fitar wa gwauraye abinci. Har ta zaɓi zanin da za ta ɗaura. Cocinmu da ke garin Greenbelt cike yake da mutanen da suka daɗe a nan. Za su gane nan take, wasu za su kasa riƙe dariya, ita kuma ba za ta san dalili ba.

In na gaya mata, ina tsoron ta ga kanta ɓarauniya, ta koma bakin taga. In na yi shiru, zan zauna a gidan Allah ina jin ta tana faɗin abin da na san ba haka ba ne. Na yi addu'a, ban ji komai ba tukuna. Da ke ce, yaya za ki yi?

Loveth

18 ga Oktoba

Loveth,

Na janye shawarata, ban san da maganar coci ba. Ki gaya mata. Amma ba a zaune ba. Ki bari sai tana kan tukunya. Mahaifiyata duk labarin da ta ji da ludayi a hannu, ba ya kayar da ita.

Furera

21 ga Oktoba

Hajiya, barka da war haka.

Na gaya mata ranar Asabar, tana dama faten tsaki. Ba ta daina juyawa ba. Can ta ce, “Mai kabewar ta sani?” Na ce kin sani, kin yafe. Ta ce, “Yafiyar da ban je na nema ba?” Sannan ta tambaya me ake yi da sauran in an gama adon. Da na ce ana zubarwa, a nan ne ta ajiye ludayin. Ta ce, “Dukansu? Loveth, dubi idona. Dukansu?”

Ranar Lahadi duk da haka ta tashi. Ta ce, “Jama'a, ni ce na ɗauki kabewar maƙwabta, na zaci tawa ce.” Ta ba da labarin duka, ba ta rage komai ba. An yi dariya, ita ma ta yi. Baba ya rufe fuska da takardar waƙoƙi. Da aka lafa sai ta ce duk wanda ya jefa kabewarsa a shara bana, shi da Allah. A kawo coci, za ta nuna wa mata yadda ake yi da ita. Mutum tara suka ɗaga hannu.

Gobe da yamma za ta zo ta nemi gafararki da bakinta. Ta ce takarda ba ta isa ba. Za ta kawo taushe. Naman daga shagon halal ne, ni da kaina na hau bas na sayo.

Zan kasance a bayanta riƙe da kwano, kuma na san kaina, ba zan iya cewa komai ba bayan gaisuwa. Amma ina da tambayoyi da yawa game da ƙasar nan, ba ni da wanda zan yi wa. In kin ba ni izini, zan so in sake rubuto miki.

'Yarki,
Loveth