Fuskar Umma Ta Lotsa

Margilon, Satumba

Zuwa ga Yaya Bahrom,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, sanyin Surgut bai fara ba. Umma ta ce in rubuta maka tana lafiya.

Ka ce in ɗauko maka hotonta da kyamarar marigayi Baba, tunda madubin nan mai ido biyu na kallon hotunanta yana wurinka. Na ciro ta daga ƙarƙashin barguna. Yaya, tsoronta nake ji. Idanu uku gare ta, ban san wanne ke gani ba. Usta Nosir mai hoto ya sa mini fim, amma shagonsa cike yake da maza, na kasa tambayar sauran.

Inibi ya nuna, babu mai tsinka. Da gaske za ka zauna can har bazara?

Ƙanwarka,
Mohira

Surgut, Satumba

Mohira sarkin kunya,

Wa alaikumus salam. Kyamara ce fa, ba ta cizo! Idon sama naki ne: buɗe murfin, ki leƙa ta sama, ki murza har Umma ta fito sarai. Biyun ƙasa su ke ɗauka tare, ɗaya ya ga dama, ɗaya hagu, kamar mutum. Shi ya sa in na sa hoton a madubi zan gan ta kamar in taɓa.

A rana ki kai ɗan ƙarfen gefe kan sha shida, a inuwa takwas. Ki ɗana kunamar, ki riƙe numfashi, ki danna. Ki naɗa fim ɗin kina duba jar tagar baya, ki tsallake lamba ɗaya, don kowane hoto gurbi biyu yake ci. Kada ki karkata ta, kada kuma ki matsa kusa, ki ja baya.

Zancen bazara gaskiya ne. Aiki na tafiya, me zan zo in yi, tsinkar inibi? Ki gaida Umma.

Yayanki

Margilon, Oktoba

Yaya,

Assalamu alaikum, ina gaisuwa. Ga hoton a ciki. Usta Nosir ya wanke, ni na manna a kwali yadda ya ba ni. Guda ɗaya ne ya fito, sauran na manta tsallaken, suka hau kan juna.

Umma ta ƙi fitowa sai da ta sa rigar sanyi biyu, ta ɗora rigar siliki a kai, ga rana. Ta zauna a gadon tsakar gida ƙarƙashin inibi. Na ce, "Umma, Yaya ya ce in ja baya." Ta ce, "Yayanki ya yi hankali. Ja, ƙara ja, ki kai garin Fargona ma." Gwaggo Zulfiya ta ce, "Wannan kwalliyar fa, miji za a nemo miki a Rasha?" Umma ta yi dariya har sai da muka jira ta huta.

Gwaggo a nan take kwana yanzu. Ni ke toya gurasa, tanderu ya ƙone ni a hannu. Umma ta ce in rubuta maka tana lafiya.

Ka huta lafiya,
Mohira

Surgut, Oktoba

Malama mai hoto,

Salam. Kin kusa kashe mu da dariya! Na sa hoton a madubi, sai ga bango ya taso gaba, Umma ta koma ciki, fuskarta ta lotsa kamar kwanon shayi. Abokin ɗakina ya leƙa ya ce, "Auzubillahi, gidanku a lahira yake?" Ba laifinki ba ne, ni na manta in gaya miki. Bayan wanki sai an yanka an raba tagwayen hoton, na dama ya koma hagu, na hagu dama. Na cire shi, jiri yake sa ni.

Ki sake ɗauko wani a natse, babu gaggawa. Ƙarshen Nuwamba zan sa hannu a takardar ƙarin aikin. Me Gwaggo take yi a gidanmu, ta sake faɗa da surukarta ne? Ki ce wa Umma ta yi ƙiba, kyau!

Yayanki

Margilon, Nuwamba

Yaya Bahrom,

Assalamu alaikum.

Ba zan iya ɗauko wani ba. Umma ba ta fitowa tsakar gida yanzu, ɗaki kuma ba haske, ko na buɗe idon kyamarar har ƙarshe.

Akwai abin da ta sa na riƙe gurasa na rantse ba zan rubuta maka ba. Ba zan rubuta ba.

Kana da almakashi ai. Ka yanka hoton da kanka, ka sauya su yadda ka ce. Ka zauna kai kaɗai, ban da abokin naka. Kada ka dubi rigar. Ka dubi wuyanta, da inda hannunta ya fito daga hannun riga. In kuma fuskar ba ta taso ba, ba ni ce na manna ba daidai ba.

Don Allah ka yi haka kafin ka sa hannu.

Umma ta ce in rubuta maka tana lafiya.

Ƙanwarka,
Mohira