Ragowar Furar Inna

Gummi, Jihar Zamfara.

Zuwa ga ƙanena Zayyad,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta 'yan'uwa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ku lafiya, kai da Hannatu da yara, ya kuma ƙara wa Inna sauƙin idon da aka yi mata aiki. Mu nan sai godiya. Gero ya yi kyau bana, mai ɗakina Atine ta warke daga zazzaɓi, hanyar Anka kuwa sai dai addu'a.

Na ga hoton da ka turo a wayar 'yata Nusaiba, na gidan shan gahawar unguwarku can Abuja, inda kuka kai Inna ran Asabar. Wuri ya yi kyau, ban ƙi ba. Ga furanni, ga lilon yara, ga abincin da ba a san na safe ne ko na rana ba. Tun ranar Inna ba ta da zance a waya sai shi. Wai an kawo mata wainar turawa da zuma, wai har ganye aka zana a kan kumfar madara, ta ji tausayin shanyewa. Ta ce ɗanta ya shigar da ita inda manya ke zama. Ɗanta! Ni da na fara da tura kurar ruwa har Allah ya ba ni rumfar hatsi, na gina mata ɗakin siminti ba da sisin kowa ba, ban taɓa samun wannan kirari ba.

Amma ba wannan ya tsaya mini a rai ba. Na buɗa hoton sosai, sai na ga farantinta a gabanka, kana cin ragowarta. Ka sani sarai, tun rasuwar Baba, in na kawo mata furar hantsi da nonon rugar Hammadu, ta sha ta ƙoshi, ni take miƙa wa ludayi in shanye saura. Ko jikoki ba sa taɓawa. Kai da boko ya ɗauke ka, rana guda ka karɓe? Ga shi Hannatu ta faɗa wa Atine wai Inna na shawarar zama can har bayan Sallah, ko ma fiye.

Na sa direba ya sayo mini gahawar daga Gusau, Atine ta dafa. Ɗaci kamar maɗaci! Na shanye tas, don kada a ce ban waye ba. To, da tsohuwar zuma ake magani, Zayyad. Likita na sallamarta ka sanar da ni, da ƙafata zan zo in ɗauke ta.

Ka gaishe da Hannatu, da Auwalu da Naja'atu. Atine da Nusaiba suna gaisuwa. Inna kuwa ka durƙusa ka gaishe ta, ka ce mata kullum hantsi ana dama fura a ƙwaryarta, amma na kasa sha, don babu mai rage mini.

Ni ne yayanka,
Nababa