Fiffiken da Malam Illa Ya Sassaƙa

Laraba da dare, farkon damina

Iskar hadarin jiya ta karya fiffike ɗaya na fankar da maigidana, baban Hadiza, ya kafa a tsakar gida don ta ba mu wuta. Da safe na kai wa Malam Illa masassaƙi guntun. Ya sassaƙo sabo, a shimfiɗe sumul kamar allon karatu.

Na ce, "Baba, na baban Hadiza a murɗe yake daga gindi, bakin siriri."

Ya ce, "'Yata, itace ai itace ne. Iska ta san murɗa?"

Ta sani mana! Tun da aka ɗaura sabon da magariba fankar ke ɗingishi, sandarta na rawa, ƙwan lantarki na kawowa yana ɗaukewa.

Na tuna yadda baban Hadiza yake rataya fikafikan a igiya, yana kankare mai nauyin da wuƙa har su daidaita, tuwonsa na hucewa, ina ta mita. Yau da zan samu, ya kwana yana kankara.

Tun tafiyarsa Aljeriya, shuuu ɗin fankar nan ke sa ni barci, kamar numfashinsa. Yanzu ƙwas-ƙwas take yi. Na kira talhonsa, a kashe. Na karɓo karyayyen fiffiken daga wurin Malam Illa, ga shi gefen matashina, har yanzu da sawun wuƙarsa.