Kada A Sayar Da Keken Baba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar girmamawa da kewa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya ƙara lafiya, ya sa albarka a nema, ya tsare mana ku a inda kuke. Mu ma nan sai godiya. Inna ta warware daga zazzaɓin da ya kwantar da ita, har ta koma faɗanta da Auta a kan barin famfo a buɗe. Gwaggo ta zo ta kwana biyu, ta dubi kowa ta ce ya rame, ta tafi. Ƙafafun Baba kuwa suna nan yadda ka sani, su kumbura da yamma su saɓe da safe, amma yana shan magani in an tsaya a kansa.

Saƙonka ya iso ta bakin Kawu, cewa tunda likita ya hana Baba taka keken ɗinki, a sayar da keken, a mayar wa mai gida shagonsa, Baba ya zauna ya huta. Na san tausayi ne ya sa ka faɗi haka, kuma kai ne babba. Amma gara ka ji daga gare ni kafin Kawu ya ƙara wa zancen gishiri: mai sayen ya zo har da ɗan dako, ni kuma na ba shi haƙuri na sallame shi. Keken yana nan, makullin shagon yana jakata. Ka daure ka karanta zuwa ƙarshe kafin ka kira ni mai taurin kai.

Ka san an dawo da darasin tarihin ƙasa a makarantarmu, kuma ni aka ɗora wa. Littafin da aka raba mana ba laifi, sai dai ranar samun 'yancin kai gaba ɗayanta rabin shafi ce, da hoton manya suna musabaha. Yara su haddace, su zuba a jarrabawa, su manta kafin su kai bakin ƙofa. To a cikin manhajar akwai wani tsari da ya kwanta mini a rai: kowace makaranta ta nemo dattijon da ya ga wani abu da idonsa, a ɗauki muryarsa, a ajiye a ɗakin karatu na ma'aikatar ilimi don sauran makarantu su amfana. Ni kam ban sha wahalar nema ba, tunda a gabansa na girma.

Hedimasta ya ce dole a karrama Baba. Aka share babban ɗakin taro, aka kawo kujerar ofishinsa mai laushi, aka haɗa lasifika. Inna ta fiddo masa kayansa na fita. Baba ya zauna, ya ɗora hannaye a kan gwiwa kamar mai jiran a ɗauke shi hoto. Ya ce shi tela ne, yara su yi karatu, su bi iyayensu. Daga nan ya yi gum. Mutumin da ke hana masu karɓar ɗinki tafiya saboda labari, ranar ko uffan bai ƙara ba. Hedimasta ya yi lallashin duniya, Baba ya ce ai duk an rubuta a littafi. Na dawo gida kunya ta ishe ni. Inna kuwa dariya ta yi har da riƙe ciki. Ta ce mu da karatunmu mun raba mutum da kekensa muna jiran ya yi magana. Wai tun da take da shi ba ta taɓa jin labari a bakinsa ba sai keke na tafiya, ko ranar da ya fara cewa yana sonta, kalmasar zanenta yake yi.

Sai na nemi izini na kwashi ajin zuwa shago. Ka san wurin: benci ɗaya, madubin nan mai tsaga, buhun ƙyallaye a bayan ƙofa. Yara suka cika ƙasa har bakin titi. Saboda maganar likita, ni na zauna a kan keken, Baba yana gefena da almakashi. Na so in taka shi haka nan don a ji ƙara kawai, ya ce a shagonsa ba a taka keke a banza, ya sa yaran suka kawo rigunansu na makaranta da suka yage. Yaya, allura na fara sauka bakinsa ya buɗe. Ya ba su labarin yadda aka tara telolin layin, shi yana ɗan koyo, suka yi ta ɗinka ƙananan tutocin da 'yan makaranta za su ɗaga ranar 'yanci. Ya ce da aka sauke tsohuwar tuta sai ruwa ya sauko, rinin yadin ya zuba, yara suka koma gida hannu da riga duk launin sabuwar tuta, iyaye mata suka rasa ko faɗa za su yi ko murna. Ajin ya ɗauki dariya, tambayoyi suka yi ta fitowa, har daga waɗanda ban taɓa jin muryarsu ba. Washegari da yawansu suka zo mini da abin da suka tono a bakin kakanninsu.

Da na kai abin da na ɗauka a waya, jami'in ma'aikata ya ce ƙarar keke ta danne muryar, ba za ta karɓu ba. Na yi ta sintiri a ofishinsa har ya gaji da ganina, ya aro mana ɗan abin maganar nan da ake maƙalawa a wuyan riga. Yanzu muryar Baba na fita tar, keken na tafiya a ƙarƙashinta. A haka muka ɗauki labarin yajin aikin ma'aikatan jirgin ƙasa, muka ɗauki na shekarar da aka canza kuɗi, duk yana faɗa ina takawa.

Makon jiya muka iso shekarun yaƙi. Ka san Baba Ƙarami, ƙanin Baba, wanda ba mu san komai a kansa ba sai cewa ya tafi bai dawo ba. Baba ya fara. Ya ce kakin sojan da aka ba ƙanin nasa ya yi masa yawa, shi da kansa ya rage masa da safen da zai tafi. Ya ce yana cikin awon kafaɗarsa ne yaron ya faɗa masa wata magana. Sai kawai Baba ya miƙa hannu ya dafe keken ya tsayar da shi. Ya ce ƙafata ta cika gaggawa, wannan labarin ba zai bi ta ba. Ya ce ƙafa ɗaya ce a gidan nan ta san takun da yake so, wadda ya koya wa tun da ƙyar take kaiwa ƙasa. Ya jira mai ita ya girma ya faɗa masa, da ya girma kuma sai ya yi nisa. Kai yake nufi, Yaya. Na sallami yara, na shiga bayan labulen gwaji na yi kukana.

Na rage sauri, na sake gwadawa, ya ce ba haka ba ne. Kuma Yaya, ba zan ɓoye maka ba, ina jin tsoro. Kwanan nan yakan kira Auta da sunan Baba Ƙarami, sai an tuna masa. Likita ya ce kumburin daga zuciya ne. In maganar nan ta tafi tare da shi, babu littafin da za mu buɗe mu same ta, mu da yaran da nake koyarwa da naka yaran.

Don haka na tsaya kai da fata, keken nan ba zai fita daga shagon ba. Baba ba zai taka shi ba, wannan na yi maka alkawari. Abin da nake roƙo shi ne ka nemi hutu a wurin aiki ka zo kafin zangon nan ya ƙare, ka zauna a kujerarsa ka taka masa. In yana so a ɗauka a ɗauka, in kuma ya ce daga shi sai kai, ni zan kwashe yara in ja muku ƙofa.

Ka gaishe mini da Anti da kyau, da Mai Sunan Inna, da ƙaramin ɗana sarkin ɓarna. Inna tana sa maka albarka, Gwaggo da Auta suna gaisuwa, Kawu ma yana gaisuwa duk da fushi yake da ni. Na tambayi Baba abin da zan rubuta maka daga gare shi, ya ce in tambaye ka ko ƙafarka ta manta.

Allah ya sada mu da alheri.

Taka ƙanwa,
Malamar Tarihi