Yayen Kwana Arba'in

Bodinga,
9 ga Nuwamba, 1980.

Zuwa ga Yayata Zulaihatu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da Malam Na'Allah da duk mutanen Shagari. Yaya ɗinki? Mu nan sai godiya. Maigidana Maniru yana gaishe ku.

Yaya mutuniyarki? Ɗanliti direba ya ce ya gan ta tana bin kaji, wai tun sati na biyu ta daina kukan nono. Na yi dariya a gabansa, da na shiga ɗaki sai hawaye. Ashe haka take da saurin mantuwa.

Na san ranar Lahadi kwana arba'in na yaye za su cika, kuma na yi alkawarin zuwa in ɗauke ta. Ki yi haƙuri, Yaya, ba zan samu zuwa ba. An ƙara mini girma, yanzu ni ce shugabar sashen kula da ma'aikata. Mutum ɗari huɗu da 'yan kai, ɗaukarsu da hutunsu da horonsu, duk sai ta teburina. Ba a taɓa ba mace kujerar nan ba, kuma akwai masu gemu da suka zuba ido su ga na zame. An tura ni kwas Kaduna na wata uku. In na buɗe baki na ce ina da yarinya, shi ke nan sun samu abin faɗa. Ki ƙara riƙe mini ita, wata uku kamar yau ne.

Matan unguwarmu sai yaba ni suke yi, wai boko bai ɓata ni ba, ina kunyar ɗiyar fari, ko sunanta ba na kamawa. Na ƙyale su a haka.

Ga atamfa nan ki yi mata riga, sauran ki ɗaura.

Taki ƙanwa,
Safinatu.

Bodinga,
18 ga Agusta, 1982.

Yaya Zulai,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya damina, yaya ƙafar Malam?

Na ga saƙonki, kuma ban ji haushi ba. Gaskiya kika faɗa, daga nan zuwa Shagari ba tafiyar awa guda ba ce, amma sau huɗu na taka a bara. Takalman da na kawo mata da Sallah har yau suna damuna. Na tsaya a kanti na zaɓa da hannuna, na zo suka ƙi shiga ko rabin ƙafa. Kin yi sauri kin ce laifin mai kanti ne. Ba laifinsa ba ne, ƙafar da na sani ita na saya wa.

Kin ce in ɗauke ta ko in faɗi rana. To in kawo ta in ajiye wa wa? Da na idar da asuba nake hura wuta, in dama kunu, in ɗora miyar rana, bakwai da rabi ina ofis, don ni ke ja wa makararru jan layi a rajista. In an tashi sai layin shinkafa da sabulu, tunda tsuke bakin aljihun nan ya sa komai sai da layi. Ina dawowa ga tuƙin tuwo yana jira. Maniru bai taɓa yi mini faɗa ba, sai dai ya ci ya yi shiru, ni kuwa da faɗan ya yi da ya fi mini.

Akwai abin da ban gaya miki ba. Na samu ciki, yana wata huɗu ya zube a watan Mayu, ranar da muke ganawa da masu neman aiki. Sai da na ga mutum na ƙarshe na tafi asibiti. Likita ya ce kada in sa rai da wani. Bayan kwana biyar na koma aiki, Sakatare, shugaban ofishinmu, ya yabe ni a gaban taro.

Ki ji wani abu kuma. An umarce ni na rubuta takardar hana zuwa da yara ofis, na sa hannu, na manna da kaina. Shekaranjiya na shiga ɗakin ajiyar fayil na tarar da jaririya kwance a kwali, an shimfiɗa mata zane. Ta Dije ce, mai buga mana tafireta. Na daka mata tsawa har ana leƙowa, na ba ta takardar gargaɗi. Da na koma kujerata, ƙamshin jaririyar nan bai bar hancina ba har aka tashi.

Ki ba ni zuwa ƙarshen shekara.

Ki gaida mutuniyarki.
Safinatu.

Bodinga,
3 ga Afrilu, 1984.

Yayata,

Ina gaisuwa. Allah ya sa kuna lafiya, ya kawo mana sauƙin wannan zamani.

Kin ji labarin rage ma'aikata tun da soja suka karɓi mulki. Mu an ce mu cire tamanin, kuma ni aka ba aikin fitar da sunaye. Na ce ba zan bi son rai ba, rajista zan bi, wanda ya fi fashi shi zai tafi. Na ɗauka adalci ke nan. Da na gama na duba, sai ga mata cike da takardar. Wannan ɗanta ya yi ƙyanda, waccan ta kwana uku a asibiti da goyo. Duk wadda ta zauna da ɗanta ranar da yake ciwo, na samo ta. Ni ce kaɗai macen da fayil ɗinta yake fes.

Dije ce ta goma sha ɗaya, kuma ita ta buga takardar da hannunta. Da ta zo karɓar sallama ta zo da yarinyar a baya, tunda yanzu babu dokar da ta hau kanta. Na ce mata da ta nemi wadda za ta bar wa da ba a kai ga haka ba. Ba ta ɗaga murya ba, ta ce, "Ranki shi daɗe, na samu mai riƙo. Ni ce ban iya ba."

Na tsaya a taga ina kallonta har ta fita ƙofa, yarinyar tana wasa da ɗankwalinta. Yaya, wallahi ita aka kora, amma ni ce nake jin ƙyashi.

Na yi tunanin ajiye aikin. Maniru ya kasa ko kallona da na faɗa. Fari ya cinye geron bara, rijiyar fadamarsa ta ƙafe, albasar ko kuɗin iri ba ta mayar ba. Tukunyarmu da ta iyayensa a Sifawa duk kujerar nan ke ɗora su.

Amma na rubuta wa kaina hutun sati biyu, na farko a shekara huɗu. Ranar Juma'a ina nan tafe. Ki haɗa mata kayanta.

Safinatu.

Bodinga,
2 ga Satumba, 1984.

Yaya Zulaihatu,

Bayan gaisuwa, ina neman gafararki da na yi wata biyar ban rubuto ba. Ranar da na mayar miki da ita na ajiye ta a zaure na juya, ban yi miki bayani ba. Ga bayanin.

Kwana huɗu ta yi a gidana. Ba ta yi kuka ba, kin yi mata tarbiyya. Ta durƙusa ta gaishe ni kowace safiya, ta karɓi abinci da hannu biyu, ta ajiye. Ban san ba ta cin kuɓewa ba. Ban san tabon goshinta na mene ne ba, na ji kunyar tambaya. Ƙullin kayanta ko kwancewa ba ta yarda an yi ba. Na ji tana tambayar Maniru a tsakar gida, "Baba, yaushe Hajiyar ohis za ta maishe ni gun Inna?"

A rana ta huɗu Tukur masinja ya zo, wai Sakatare na nemana, an ƙara sunaye ashirin. Ina cikin hutu, Yaya. Ni na rubuta dokar hutun, na san ba dole ba ne. Na ce mata yanzu zan dawo, na bar ta wajen maƙwabciya, na tafi. Sai la'asar na dawo, babu ita. A tasha aka same ta da ƙullinta a ka, tana tambayar motar Shagari. Da ta hango ni sai ta ɓuya a bayan wata mai fura.

Na yi shekaru ina cewa ba ni da zaɓi. Ranar nan an ba ni, na ga abin da na zaɓa. Kunyar da ake yaba mini ba kunya ba ce, lokaci ne ban ba ta ba, al'ada ta rufa mini asiri.

Kin aiko da takardar shiga makaranta, kin bar gurbin uwa babu komai, kin ce in cike. Cike irin waɗannan takardu shi ne aikina, kuma ban taɓa yarda ma'aikaci ya rubuta mini ƙarya ba. Na sa sunanki. Kada ki goge.

Ga kuɗin littattafai wajen Ɗanliti. Takalmi kuwa ki saya da kanki, ke kika san ƙafar.

Ki gaida Malam. Ki gaida Rahamatu. Ki ga, na rubuta shi, shekara shida ina ɓoyonsa. Rahamatu. Ba sai kin gaya mata daga wa ba.

Ƙanwarki,
Safinatu.