Mecho Ya Ƙi Fita, Ki Aiko Mini da Mayafin Mama

Ruse, 9 ga Nuwamba

Zuwa ga yayata Nevena,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Plamen da yara. Allah ya ba shi sauƙin ciwon bayan nan, ya tsare ku a can Valencia. Mu nan lafiya lau. An yi wa Kawu Doncho aikin ido, har ya koma karanta jarida.

Yaya, hankalina a tashe yake, kuma a kan Mecho ne, karen Mama. Tun ranar da muka binne ta ya ƙi taka waje. Da na ɗauko igiya sai ya kwanta a bakin ƙofa ya kafa haɓa a ƙasa. Likitan dabbobi ya ce ƙalau yake, ya ba ni wata ƙasida mai shafi goma sha biyu, na kuwa bi ta layi-layi. Na sauya igiya, na tsayar da lokacin fita safe da yamma, na yayyanka cuku daidai girman da aka zana. Yakan cinye cukun ya koma ya kwanta. Kilo talatin da huɗu ne, ga mu a hawa na biyar. Sau uku na ɗauko shi a kafaɗa, sau uku yana ɓata matakala kafin mu kai ƙasa. A taron mazauna gidan, shugabanmu Zahariev ya ce wai benen nan ba garke ba ne, in kuma sarauta aka ba karen to in gina masa bayan gida. Sun ba ni zuwa ƙarshen wata, in bai gyaru ba a kai shi gidan karnukan da ba su da kowa. Kin san na yi wa Mama alkawari a asibiti cewa zan riƙe shi.

Ranar Lahadi ƙofata na buɗe, sai Inna Stoyka ta hawa na shida ta sauko za ta coci, sanye da rigar sanyin Mama da muka ba ta ranar arba'in. Mecho ya ɗaga hanci ya ji ƙanshin Mama, ya miƙe zumbur, ya bi ta har ƙofar coci, ni ina bin su da silifas. Da yamma na je na roƙe ta ta ara mini rigar. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce ashe duk karatun nan nawa na banza ne, abin da aka bayar domin mamaci ba ya komawa gida, ko so nake uwata ta kwana da sanyi a can? Kunya ta rufe ni. Ita kuma gwiwoyinta ba sa barinta sauka sai Lahadi.

Duk kayan Mama mun rabar, saura mayafin ulu da kika tafi da shi. Na san shi kaɗai ne abin da kike da shi nata, shi ya sa na yi kwana uku ina juya wannan roƙo. Don Allah ki ba direban motar da ke tasowa daga can zuwa nan duk Alhamis, kada ki sa a gidan waya, zai makara. Ki ƙulle shi a leda biyu, kuma ko ya yi datti kada ki wanke shi. Zan yafa shi in zaga unguwa safe da yamma, duk mai dariya ya yi.

Ki gaishe mini da Plamen, da Desislava da Boyan. Kawu Doncho yana gaishe ku.

Ƙaninki mai jiran motar Alhamis,
Kostadin