Don Ta Saba

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigida da yara da keken ɗinkinki da ba ya hutawa. Na san za ki ce me ya hana ni kira. Wayarku sai an hau tudu take kamawa, ni kuma hannuna ya fi bakina iya tsara magana. Direban motar da ke bi ta wajenku ya yarda zai riƙa kai miki saƙona.

Likita ya ce jinin ƙanwarki, matata, ya hau, sai ta kwanta har ta sauka. Ba aiki, ba hayaniya. Kin san gidanmu, ɗaki biyu ne a saman bene. Ga 'yarki Rediyo, shekara shida, wadda marigayi Baba bai yi kuskure ba da ya laƙaba mata sunan, don ba ta da maɓallin kashewa. Ga aku a baranda, yana kwaikwayon ƙararrawar ƙofa da tarin maƙwabci tun safe.

Yaya, na ba da akun. Akwai wasu mutane da aikinsu ke nan, nema wa aku sabon gida idan masu shi sun kasa. Mata biyu suka zo suka zauna a falo, suka tambaye ni me yake ci, yaushe yake barci, yana cizo, me ke tsorata shi. Na rubuta musu komai a takarda, har suka yaba. Sun samo masa wata malama da ta yi ritaya, mai tsakar gida da bishiya. Ƙa'idarsu ita ce tsohon mai shi ba ya zuwa, ba ya bari tsuntsun ya ji muryarsa, har sai ya saba. In bai saba ba, su canja masa wani gidan.

Na haɗa masa kwanonsa da lilonsa da zanen da muke rufe kejin in muna son ya yi shiru. Rediyo ce ta taya ni. Ta tambayi dalili, na ce surutunsa ya yi yawa kuma Mama na buƙatar shiru. Ba ta yi kuka ba. Na rubuta a littafina cewa yarinyar ta fi ni dauriya.

Roƙona shi ne ki karɓe ta har ƙanwarki ta sauka. Ni ina sito tun safe har yamma, ba mai kula da ita. Ban sani ba ko daidai na yi, amma ban ga wata hanya ba.

Ki gaida kowa.

Ƙanenki.

*

Akawu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Allah ya ba ƙanwata lafiya, ya raba su lafiya.

Takardarka a tsaye na fara karanta ta, sai da na nemi kujera. Akun da ya girmi aurenka? Wanda ya iya dariyar Baba? Ka ba da shi, sannan ka gaya min a tsakiyar takarda kamar kana ba ni labarin an canja maka tebur a wurin aiki. Kai dai tun kana yaro haka kake, sai ka gama abu ka jera shi tsaf sannan a ji. To aikin gama ya gama, kuma lafiyar mace ta fi tsuntsu.

Kawo min 'yata. Wannan ba abin roƙo ba ne. Na ma ɗinka mata matashi mai siffar aku, da jan wutsiya daga ragowar yadin wata amarya, ya shiga sahun jaka da kofi da zanen gado masu hoton aku da kuka cika ta da su. Ita da tsuntsun nan ai jirgi ɗaya ya kwaso su, gidan nan zai sha labari.

Kuma don Allah kada ka zo min da takardar umarni. Na yi renon yara tun kafin ka iya ɗaura wando, kai ma ni na goya ka.

Yayarka.

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Na iso gida lafiya, na gode da karɓar da kuka yi mana. Ƙanwarki tana gaishe ki, ta ce Allah ya bar zumunci.

Ki yi haƙuri da takardar da na miƙa miki duk da kin hana. Na san kin yi tsaki, na ji. Ba raina renonki na yi ba. Ni dai in ban rubuta abu ba sai in ga kamar ban yi shi ba. Abin da take ci ne kawai, da lokacin barcinta, da abin da ke tsorata ta. Tana zaune kusa da ni na rubuta, ina tambayarta tana ba ni amsa.

Akwai abin da ban samu na faɗa miki ba saboda direba na ta matsa hon. Ba zan kira ba, kuma kada ki hau tudun nan da ita don ta ji muryata. Matan nan masu aikin aku sun yi min bayani mai ma'ana. Sun ce muryar da aka sani ita ke tayar da kewa, a koma farko. Na yi tunani a kai, na ga ai yaro ma haka ne. Gara ta sha wuyar lokaci guda ta saba. Na faɗa mata hakan a bakin mota, ta gyaɗa kai.

Gidan ya yi tsit. Jinin ƙanwarki ya ɗan sauka. Ni ne dai nake dawowa in tsaya a baranda ina kallon ƙusar da kejin yake rataye. Malamar da ta ɗauke shi ta aiko ta hannun matan cewa ya fara cin abinci.

Yaya take? Na san zuwa yanzu ta cika muku kunne.

Ƙanenki.

*

Akawu,

Wa alaikumus salam. Gaisuwar ta tsaya nan, ka zauna ka karanta.

Ka ce ta cika mana kunne. Tun ranar da motarka ta tashi, yarinyar nan ba ta yi magana ba sai an tambaye ta. "Eh, Gwaggo." "A'a, Gwaggo." "Na gode, Gwaggo." Da farko na ce baƙunta ce. Maigida har yana tsokanarta, "Wa ya cire wa rediyon namu batir?" Sai ta yi murmushi, irin wanda ake yi wa likita.

Tana cinye duk abin da aka zuba mata, har wanda ka rubuta ba ta so. Tana wanke kwanonta. Tana share zaren da ya zuba a ƙarƙashin keke ba wanda ya sa ta. Jakar aku da kofin da zanen gadon duk ta tura su ƙarƙashin gado. Matashin da na ɗinka ta karɓa da hannu biyu, ta kife shi fuskar na kallon bango. Na ce ko ɗinkin ne bai yi ba.

Shekaranjiya da rana ina fama da rigar wata mai biki, yarana na ta tsalle a kaina. Na ɗaga murya na ce, "Ku yi min shiru, surutu ya ishe ni." Su suka watse waje suna dariya. Da na juya, sai na ga 'yarka a lungun kabad, ta ɗauko zanena ta lulluɓe kanta har ƙafa, ta zauna ba motsi. Ita da ko tari ba ta yi ba.

Na yaye zanen na ce, "Uwata, me ke nan?"

Ta ce, "Haka ake yi."

Na ce, "Wa ake yi wa?"

Ta ce, "Aku."

Akawu, na zauna a ƙasa kusa da ita. Sai ta tambaye ni, a hankali kamar mai tambayar hanya, "Gwaggo, na saba?" Na ce me ya kawo wannan. Ta ce, "In ban saba ba, gidan wa za a kai ni?"

Na jawo ta jikina na ce ba inda za a kai ta, hutu ta zo, Babanta zai zo ya ɗauke ta. Ta girgiza kai. Ta ce ai Baba ya rubuta takarda, irin ta aku. Ya haɗa mata kofinta. Ya ce Mama na son shiru. Ya ce ba zai kira ba. "Mai shi ba ya zuwa, Gwaggo. Matan sun faɗa, ina wajen." Kayan akun kuma ta ɓoye su ne don kada in gan su in tuna ita ma mai surutu ce.

Na rantse mata, na kawo maigida ya rantse mata. Ta ce to, na gode. Ba ta yarda ba, kunyarmu kawai ta ji.

Ba zagin ka zan yi ba, don na san ba mugunta ce ta sa ka ba. Ni ma na ga alamu na ce baƙunta. Amma wannan ƙa'ida taka na karya ta. Ranar Laraba da la'asar zan hau tudu da ita, ka riƙe wayarka a hannu.

Yayarka.

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ban san yadda zan fara ba, ki yi haƙuri da rubutun.

A sito na karanta takardarki, a kan buhunan siminti. Mai gadi ya zo ya same ni ya ce ko rasuwa aka yi.

Kin ji abin da ta ce a waya, amma ba ki ji yadda ya zo min ba. Na ce, "Rediyo, Baba ne." Ta ce, "Ina wuni." Na ce ina kewarta, gidan ba daɗi. Ta ce, "Ina lafiya. Ina cin abinci. Na kusa sabawa." Yaya, rahoto take ba ni. Irin saƙon da malamar nan ta aiko a kan tsuntsu, shi 'yata ta ba ni a kan kanta.

Na dawo gida ina ta juya abin. Duk abin da ta lissafa miki, na yi shi, kuma a jere yadda ta faɗa. Tana tsaye a bakin ƙofar falo lokacin da matan ke bayani, da kofinta a hannu. Na gan ta. Na ɗauka kallon baƙi take yi. Ranar da nake rubuta takardarta na tambaye ta, "Me ke tsorata ki?" Ta dube ni, sannan ta ce kare. Na rubuta kare.

Ban gaya wa ƙanwarki duka ba saboda jininta. Na ce dai yarinyar na kewa. Ta dube ni ta ce, "Tun ranar da aka fita da kejin nan ba ta ƙara hawowa gadona da labari ba. Na zaci kai ka hana ta." Ni kuma na zaci tausayin uwarta take ji. Ashe kowa da nasa zaton, ba wanda ya tambaye ta.

Na je wajen shugabanmu ya ba ni hutu. Matar maƙwabci za ta zauna da ƙanwarki. Zan biyo motar Asabar. Na yi ta tunanin abin da zan ce wa Rediyo, na rubuta na yaga, na rubuta na yaga. Na bar rubutun. Ki gaya mata ina zuwa, in ma ba ta yarda ba. Ki ce da ita ta haɗa kayanta duka, har na ƙarƙashin gado.

Abin da nake tsoro, Yaya, kada in zo in ɗauke ta ta ɗauka wani gidan zan kai ta.

Ƙanenki.

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Mun iso lafiya, Allah ya saka miki da alheri, ke da maigida.

A mota ba ta yi barci ba, tana ta kallon hanya. Sai da ta ga shagon mai gyaran takalma na bakin layinmu sannan ta saki hannun jakarta. Kwanakin farko dai sai a hankali, komai na miƙa mata sai ta ce na gode, kamar baƙuwa.

Jiya da yamma na ce ta zo ta yi wanka. Ta ce ba za ta yi ba. Na sake faɗa. Sai ta kwanta a tsakiyar falo ta yi birgima, ta buga ƙafa, ta ce ni mugu ne, na ba da akunta, na ba da ita, ba ta so na, ba za ta ƙara so na ba. Duk benen ya ji. Matar maƙwabci ta ƙwanƙwasa ƙofa, ban buɗe ba. Ƙanwarki ta kira ni daga ɗaki, na leƙa da tsoro, sai ta ce, "Ka bar ta."

Na zauna a ƙasa kusa da Rediyo har ta gama. Ba ta yi wankan ba.

Ki gaida kowa.

Ƙanenki.